Damin Wa Ya Fi Yawa a Rumbu?

Duk ɗalibin da ya taɓa aikin rukuni ya san akwai tambayar da ba a yi sai aiki ya zo ƙarshe: wa ya fi shan wahala? Tun ana cikin aikin kowa na lissafinsa a zuci, amma baki ba ya buɗuwa sai ranar da za a jera sunaye a bangon takarda, ko ranar da ɗan kuɗi ya shigo. A nan zumunci kan yi tsami. Mu ma ta same mu, mu bakwai ƴan Magarya da Dungas da ke karatu wasu a Yamai wasu a Damagaram, kuma alƙalin da muka kai wa ƙara umarni ne ɗan gajere da ake bugawa a baƙin allon kwamfuta. Na ga ƙannenmu da yawa sun fara shiga irin wannan aiki na tara magana da rubuta ta, shi ya sa nake so ku ji abin da alƙalin nan ya iya da abin da ya gagare shi, tun kafin ku kai masa taku ƙarar.

Aikin namu ba wani babba ba ne. A babban hutun 2022 muka ce kowa in ya koma gida ya naɗi maganar tsofaffi da wayarsa: tatsuniya, labarin shekarun yunwa, yadda ake dashen rake a fadamun Korama, yadda ake cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Daga baya mu zauna mu rubuta maganar kamar yadda ta fito daga bakin mai ita. Ni ilimin harshe nake karantawa a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma abin da ya ja ni shi ne Hausar yankinmu ta ƙi zama cikin akwati guda. Magarya ba ta kai kilomita 100 daga Damagaram ba, amma ƙafar mutanenmu ta saba da hanyar Babura da Daura da Kano. Aljihu guda, naira da sefa. Tsoho zai ce maka jikka, sai ka tambaye shi ta wane gefe, don jikkar sefa 1000 ce, jakar naira kuwa 200. Yaro ya tafi lakwal wajen mushe da safe, da dare yana jin rediyon Kano. A 2011 gwamnati ta cire Dungas daga Magarya ta ba ta gundumarta, da Guci da Malawa da Dogo-Dogo, amma harshe bai ma san an yi rabon ba. Wannan cakuɗar muke so mu kama kafin masu ita su tafi.

Da rubutu ya fara yawa sai ruɗani ya shigo. Fayil guda, kwafi biyar na yawo a WhatsApp, wannan sunansa "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe na gaske". Babbanmu, wanda muke ce wa Yaya, kwamfuta yake karantawa kuma shi kaɗai ke da kwamfutar kirki. Shi ya ce a zuba komai a git.

Git manhaja ce da Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya rubuta a Afrilun 2005 saboda masu gina Linux, waɗanda ke warwatse a duniya suna taɓa rubutu guda. Tun Yulin wannan shekarar Junio Hamano ke kula da ita. Aikinta riƙe tarihin fayil. Mu dai muka laƙaba wa abubuwan sunayen gida. Ma'ajiyar da ake tara aikin muka ce rumbu. Duk sanda mutum ya gama wani gyara ya ɗaure shi ya ajiye, wannan ɗaurin muka ce dami. Kowane dami na ɗauke da sunan mai shi, da rana da sa'a, da ɗan bayanin abin da aka yi, da wata doguwar lambar shaida. Kada ku haɗa git da GitHub fa. GitHub gidan ajiya ne a intanet da aka buɗe a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018. Ita git kanta ba ruwanta da rezo, abin da ya sa ta yi mana rana ke nan. Da git bundle ana dunƙule rumbun a fayil guda, a sa a kile, a ba direban da zai tafi Damagaram, can a kwance a haɗa da nasu. In mutum biyu suka taɓa layi guda, sai ta tsaya ta ce ku zaɓa. Duk wanda ya taɓa hawa tudu yana ɗaga waya sama don neman rezo ya san darajar wannan.

To, aiki ya yi nisa, wani malaminmu ya samo mana ɗan tallafin buga samfurin farko. Bayan kuɗin fotokofi ɗan canji ya rage, ga kuma maganar jerin sunaye. Muka haɗu a Magarya. Wani cikinmu ya ce, "Ku bar na'ura ta raba mana. Ita ba ta da ɗan ɗaki, ba ta da budurwa." Aka yi dariya, aka yarda. Yaya ya buɗe baƙin allo ya buga git shortlog -sn. Wannan umarni ƙirga damma yake yi, ya jera su da sunan mai kowane, daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ko ƙiftawar ido bai kai ba amsa ta fito. Yaya ne a sama, da adadin da ya fi namu duka in an haɗa. Mutum guda ya fito sau uku. Can ƙasa kuwa, da ƴar lambar da ba ta cika yatsun hannu ba, ga ƴar Dungas ɗinmu, wadda ta hau bayan kabu-kabu cikin yashi har Guci da Dogo-Dogo, wadda muryoyin da ta naɗo su ne ƙashin bayan aikin.

Ta dubi allon, ta dubi Yaya, ta ce, "To Yaya, ashe ni yawo na je."

Yaya ya ce, "Haba ƙanwata, wallahi ni ma ban yarda da wannan ba." Ya rufe kwamfutar. Ranar ba a raba komai ba.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi, kuma shi ya sa na karɓi kwamfutar na kwana biyu ina tona. Sunan da git ke maƙala wa dami, sunan da aka rubuta mata ne ranar da aka saita ta a kan kwamfutar. Ba ta ganin hannun da ke kan madannai. Mu biyar a kwamfutar Yaya muke bugawa, don haka duk abin da muka ɗaure da sunansa ya shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai shi gardin namu bai ma san yana karɓa ba. Akwai maganinsa tun farko, a ƙara --author lokacin ɗaure dami a sa sunan mai aikin, amma wanda ke sauri kafin caji ya ƙare ba ya tuna wannan.

Shi kuwa wanda ya fito sau uku, matsalarsa ta ƴan boko ce ta Nijar. A ce sunanka Muhammadu. Takardar haihuwa ta rubuta shi da rubutun Faransanci, Mahamadou. A wayarka ka sa Mamman. Ranar da kishin Hausa ya motsa ka rubuta Muhammadu. A wurin git mutum uku ne ku, kowa da ɗan kasonsa. Ana gyara wannan da wani ƙaramin fayil mai suna .mailmap, inda za ka ce mata wane da wane mutum ɗaya ne, ta haɗe su. Minti biyar ya ɗauke ni. Amma na daɗe ina kallon sunayen nan uku, don tarihin yankinmu ne a layi uku: na ofis, na gida, na makarantar allo.

Sai na ce to, a bar ƙirga damma. Kowane manomi ya san dami ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ƙato ke nishi kafin ya ɗaga, akwai wanda yaro zai ruga da shi, shi ya sa in magana ta kai ga ciniki sai a sussuke a auna da tiya. Wani cikinmu kan ɗaure dami duk bayan jimla biyu don tsoron ɗaukewar kuran, wani sai ya gama tatsuniya sukutum. Tiyar git ita ce layi. In ka buga git log --numstat, gaban kowane fayil za ta ba ka lamba biyu: layukan da aka ƙara da waɗanda aka cire. Na yi tsammanin a nan ƴar Dungas za ta haye sama.

Da na zo kan ƴan gajerun muryoyin da muka sa cikin rumbun, wurin lambobin nan biyu sai na ga karan ɗori biyu. Ko sifili ba ta rubuta ba. Haka git ke yi wa duk fayil ɗin da ba rubutu ba ne, murya ko hoto: ba ta san layi a cikinsa ba, don haka ba ta ƙirga. Manyan muryoyin ma ba su shiga rumbun ba sam saboda nauyi, suna kan memori. Ku tsaya ku duba abin nan da kyau. Kwana uku na gaisuwa kafin tsohuwa ta yarda a kunna waya, goron da aka kai, zaman jiran a gama daka don kada turmi ya cinye murya, dabarar yin shiru lokacin da tsoho ke laluben wata kalma, duk wannan a ma'aunin layi karan ɗori biyu ne. Manhajar an gina ta ne don masu rubuta umarnin kwamfuta, waɗanda aikinsu tun asali layi-layi yake. Namu aikin daga baki yake farawa.

Ko a cikin rubutun ma, layi ma'auni ne mai ha'inci. Git layi take gani gaba ɗayansa. Ka canja harafi guda, za ta ce ka cire layi ɗaya ka ƙara layi ɗaya. Ga abin da wannan ya haifar mana. Kun san ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimin Nijar ta fitar a 1999 tana rubuta ƴ mai ƙugiya, a Najeriya kuwa y ake rubutawa da ɗan waƙafi a gabanta. Mu da muka tashi da littattafan Kano a hannu guda, na lakwal a ɗayan, kowa yadda ya ga dama yake yi. Wasu ma wayarsu ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, sai su buga k da d da b su bi su da waƙafi. Wata rana ɗayanmu ya ce bari ya daidaita, ya ba da umarni guda na a nemo a musanya, cikin daƙiƙa kaɗan ya taɓa kusan kowane fayil. Aiki ne mai kyau, muna bukatarsa. Amma a lissafin layi wannan dami guda ya ɗora shi sama da wanda ya shafe watanni da abin ji a kunne yana mai da murya baya sau goma don ya tabbata tsoho "ya" ya ce ko "yai". Magana ta minti 10 na iya cinye maka yini in mai maganar ba haƙora kuma akuya na kuka a baya.

Sannan wani duk sakin layi a layi guda yake zuba shi, wani kowace jimla da layinta. Wanda ya yi aiki da ELAN, manhajar da cibiyar Max Planck ta Nijmegen ta yi don daidaita rubutu da murya, fayil ɗinsa cike yake da layukan da manhajar ce ta rubuta su, sai ka ɗauka shi ya fi kowa ƙwazo. Na ce bari in gwada ƙirga kalmomi da wc -w. Nan ma ɗan harshe ya san ramin da ke gaba: ita kalma a wurin wannan umarni duk abin da ke tsakanin fili biyu ne. Mai rubuta "ya na" da "su ka" ya fi mai rubuta "yana" da "suka" yawan kalmomi, alhali shi ne ya karya ƙa'ida. Wato ma'aunin lada yake ba mai kuskure.

Ba mu muka fara cin karo da wannan ba. A 1982, a kamfanin Apple, manajoji sun fito da takardar da kowane injiniya zai cike duk mako da yawan layukan da ya rubuta. Bill Atkinson ya sake rubuta wani sashe na QuickDraw, ya rage masa layi kusan 2000, abin kuma ya ƙara sauri. Da aka kawo masa takardar sai ya rubuta -2000. Masu sana'ar da kansu sun daɗe da sanin layi ba ya auna aiki, mu ne baƙi muka zo muna yi masa kallon alƙali.

A nan wasu cikinmu suka ce a watsar da lissafin gaba ɗaya, wai kayan Nasara ne, bai san mu ba. Ban bi su ba, don da na daina tambayar na'urar wa ya fi, na koma tambayarta yaushe da me, sai ta fara faɗin abin da ba wanda ya lura da shi cikinmu.

In ka buga git log --format=%ad --date=format:%Y-%m ka tura sakamakon cikin sort sannan uniq -c, za ka ga damma nawa aka ɗaure kowane wata. Namu jerin ya zo Agustan 2023 sai ya faɗa rami, bai farfaɗo ba sai bayan watanni. Kowa ya san abin da ya faru: bayan 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, a farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turowa, kuma yankin Damagaram da Maraɗi na dogaro sosai da layin da ke fitowa daga Katsina. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024. Da sauƙi mutum ya ce shi ke nan, ga dalilin ramin. Amma Agusta watan noma ne, ɗan Magarya da ya zo hutu hauya ke jiransa. Sai na duba Agustan 2024. Shi ma akwai rami, sai dai bai kai wancan zurfi ba kuma bai daɗe ba. Wato gona na da kasonta kowace shekara, rashin kuran da rufe iyaka suka ɗora nasu a kai. Lamba ta nuna ramin, fassararsa kuwa sai wanda ya san lokacin da ake maimai a gonar gero.

Ka musanya %Y-%m da %H sai ta ba ka sa'o'i. Sai dai a yi hattara, agogon kwamfutar take bi, kuma muna da damma ƙalilan da suka fito da shekarar da ko jami'a ba mu shiga ba, saboda wata tsohuwar kwamfuta da ke manta lokaci in ta mutu. Da na ware waɗannan, sai ga tsari ya fito fili. Yawancin aiki bayan isha'i ake yin sa har tsakar dare, wannan na samari ne. Akwai kuma wani ɗan tudu tsakanin azahar da la'asar, wanda da na bi bayanin dammansa na ga duk na ƴan matanmu biyu ne. Lokacin ne kaɗai aikin gida ke sakinsu kuma kwamfuta ke zaune ba kowa. Da dare ba za su zo ɗakin samari su zauna bugu ba, kowa ya san wannan, amma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa a matsayin matsalar aikin sai da ya gan shi a jere a allo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kalmomi. Akwai git log -S, wanda in ka ba shi kalma zai nuna maka duk damin da ya ƙara yawanta ko ya rage. Kunnena ya tuna wata tsohuwa ta Waca tana ta cewa "ɗiyata", amma a rubutun sai "ƴata" nake gani. Na ba shi "ɗiya". Ya fito da jerin damma masu bayanin "gyaran rubutu", kuma a cikinsu ɗiya ta koma ƴa, hura ta koma fura, tahi ta koma tafi, lakwal ta koma makaranta. Ba mugunta ba ce. Mai gyaran ya tashi da sanin cewa daidaitacciyar Hausa ita ce daidai, ya ga abin da ya ɗauka kuskure ne ya share. A lissafin layi shi ne gwarzon gyara. A ido na ɗan harshe kuwa, abin da muka tafi nema shi yake gogewa, yana mai da tsohuwar Waca mai karanta labarai a rediyo. Can kuma sai ga wasu ƴan ƙananan damma na layi ɗaya ko biyu, da rana tsaka, suna mai da kalmomin yadda suke. Ƴar Bande ce, ɗayar ƴan matan, wadda ba ta cika magana a taro ba. Tana komawa ga murya, ta saurara, ta mayar, ba ta ce wa kowa komai ba don kada a ce ta raina na gaba da ita.

Da a WhatsApp muke har yanzu, da waɗannan kalmomi sun tafi ba mai sani. Rumbun ya riƙe kowane tsohon layi, muka dawo da su duka. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, maganar wace Hausa za ta shiga takarda ta wuce gardamar ɗakin kwanan ɗalibai. Za a bukaci littattafan makaranta da ƙamus da rubutattun bayanai masu yawa, kuma in duk mai buga rubutu yana goge ɗiya yana sa ƴa, wata rana jikokin tsohuwar nan za su buɗe littafi a ce musu kakarsu ba ta iya Hausa ba. Daidaitacciyar Hausa na da wurinta, da ita nake rubuta muku wannan. Amma rubuta maganar mutum amana ce, ba a yi mata kwalliya. Yanzu fayil biyu muke ajiyewa, na yadda aka faɗa da na daidaitawa, kuma ba mai taɓa na farko sai da murya a kunne.

Da muka sake zama, kuɗin bai bi lamba ba. Aka fara biyan wadda ta kashe nata a mota da kabu-kabu da goro, abin da ya rage aka ajiye ana tarawa don kwamfuta ta biyu ko da ta hannu ce, wadda za ta zauna wajen ƴan matan. Sunayenmu a bango bisa jerin haruffa. Wanda ya kawo shawarar a bar na'ura ta raba bai ji daɗi ba, ya ce an yi alkawari an saɓa, kuma har yau yana ɗan ja baya da mu. Ina ganin yana da ƴar hujja, don mun yarda da ma'aunin kafin mu ga sakamako, muka ƙi shi bayan mun gani. Amsata gare shi ita ce ma'aunin da ya ba mai naɗo murya karan ɗori biyu ba ma'aunin aikinmu ba ne tun farko, ko da wa ya fifita.

Abin da muka canja na dindindin shi ne abin da muke gaya wa rumbun. Git na barin a ƙara layukan shaida a ƙarshen bayanin dami, suna da ɗigo biyu sannan bayani, kuma tun fitowar git 2.29 a 2020 shortlog na iya ƙirga da su. Mun sa uku: Mai-magana, Mai-rikoda, Mai-rubutu. Da Mai-ɗauka muka so sa wa na biyun, sai muka tarar harafi mai ƙugiya ba ya karɓuwa a sunan irin wannan layi, dole muka nemo kalmar da ba ta da shi. Abin dariya, abin takaici. Yanzu in ka buga git shortlog -sn --group=trailer:mai-rikoda, ƴar Dungas ce a sama da tazara. In ka sa mai-magana, ba ko ɗayanmu a jerin, tsofaffi ne zalla.

Nan kuma wata sabuwar magana ta taso, wadda ta fi ta kuɗin nauyi. Rumbun nan ba ya mantuwa. Sunan da ya shiga dami ya shiga ke nan, ko ka goge shi gobe yana nan cikin tarihi, kuma duk wanda aka ba kile yana da kwafinsa. Tsofaffinmu kuwa ba kowa ke son sunansa na yanka ya yi yawo ba. Akwai matar da ta ba da labarin shekarar da suka ci abin da ba a faɗa don yunwa, akwai dattijon da ya yi bayanin hanyoyin da ake bi da kaya a tsallake iyaka da dare. Akwai kuma alkunya: mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan farinta, mu ma ba ma kama sunan kakanninmu gatsau. Da na tambayi tawa kakar wane suna zan rubuta mata, sai ta ce, "Kai maigida, sunan nawa za ka kai wa Nasara? Rubuta uwar ubanka." Na ce, "Kaka, ai takarda na son suna." Ta ce, "To takardar ta zo ta tambaye ni da bakinta." Laƙabinta na gida muka sa, bayan ta ji an karanta mata shi ta ce ya yi.

Don haka ƙa'idarmu yanzu, ba a sa sunan mai magana sai an tambaye shi wane yake so: na yanka, ko laƙabi, ko sunan gari kawai. Wanda ya ce a ɓoye, lamba muke ba shi, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ba ta shiga rumbu, tana cikin kaye a hannun mutum guda.

Tsofaffin damman shekarun farko suna nan da sunan Yaya. Ana iya sake rubuta su, amma taɓa dami guda na canja lambar shaidar duk waɗanda suka biyo bayansa, kwafin Yamai da na Damagaram da na Magarya su daina gane juna. Muka bar su yadda suke, muka buɗe fayil guda a bakin rumbun muna rubuta wa ya naɗo wace murya, wa ya buga ta, daga abin da kowa ya tuna da abin da ke cikin wayoyi. An cike na Magarya da Bande da Waca. Na Guci da Dogo-Dogo sai hutu mai zuwa, don akwai mata huɗu da ba a tambaye su sunan da suke so ba tukuna, kuma ɗaya cikinsu an ce tun kaka take kwance.